Babi na Biyar: Inda Hazon Hunturu Yake Fitowa

Idan kaka ta ƙare, aka kai gero da dawa rumbu, aka tone gyaɗa, sai iskar nan mai laima da ta shafe watanni tana zo mana daga kudu ta ja da baya, wata kuma ta taso daga arewa maso gabas, busasshiya mai sanyi, wadda ba sai an yi wa Bahaushe dogon sharhi a kanta ba, tun da yake ya san ta a leɓɓansa da dugadugansa tun yana goye. Ita ce takan sa almajirai su matso jikin wutar kara da asuba, masu man kaɗe su yi ciniki, masu noman rani su yi murna, domin alkama da tumatir ba su son kome kamar sanyinta. Amma cikin dukan abin da hunturu yake zuwa da shi babu mai ban al'ajabi kamar hazo, wato ranar da gari zai waye fari fat, a nemi Dutsen Dala daga Kasuwar Kurmi a rasa, rana ta dushe har yaro ya iya ƙura mata ido, jirgin sama ya yi ta shawagi bisa Kano ya kasa sauka, a share ɗaki da hantsi kafin la'asar a iya rubuta suna da yatsa a bisa akwati.

In ka tambayi mutane daga ina wannan ƙura take, galibinsu za su ce maka daga hamada, su ɗauka sun gama amsa, alhali kuwa Sahara ta yi kusan goman Nijeriya a faɗi, kuma mafi yawanta dutse ne da tsakuwa, waɗanda iska ba ta samun abin ɗauka a kansu. Wasu kuma suna zaton rairayi ne. Wannan zato yatsu biyu sun isa su warware shi, gama wanda ya shafo ƙurar hazo ya murza zai ji ta da laushi, ba gurzau ko kaɗan, launinta kuma toka-toka ne mai ɗaukar fari, ba ja ko rawaya irin na jigawa ba. Ƙwayar rairayi tana da nauyi. Iska takan mirgina ta, ko ta sa ta yi tsalle kamu ɗaya ko biyu ta faɗi, amma ba ta iya ɗauko ta tafiyar kilomita dubu. Lalle abin da ya iso mu wani abu ne dabam.

A arewacin ƙasar Chadi, kimanin kilomita 500 arewa maso gabas da Tafkin Chadi, kudu maso yamma da garin Faya, akwai wani kwari mai faɗi da ake kira Bodele. Nan ne ƙasar ta fi gangarawa, domin gindinsa bai wuce kimanin mita 160 bisa fuskar teku ba, wato ya fi tafkin kansa zurfi da sama da mita 100. Babu gari a cikinsa, babu gona, babu inuwa, sai Tubawa masu raƙuma da kan ratsa ta gefensa. Duk da haka masana yanayi, bayan sun yi shekaru suna duban duniya ta idon tauraron ɗan Adam, sun yi ittifaƙi a kan cewa babu wani wuri guda a bayan ƙasa da yake tura ƙura sama kamar wannan kwari, wanda yakan yi kimanin kwana 100 a shekara yana tururi. Ma'aikatan hasashen yanayi na ƙasarmu sun daɗe da sanin rabin wannan magana tun kafin a harba tauraro, gama sun lura cewa in waya ta zo daga Faya ko Bilma cewa ƙura ta tashi, to, kwana ɗaya ko biyu hazo zai sauka Kano.

Abu biyu ne Ubangiji Ya haɗa a wurin, waɗanda da ɗaya ya rasa da ba a sami kome ba: iska mai ƙarfi, da ƙasar da ba ta da nauyi. Ita iskar daga Libiya take tasowa lokacin sanyi, ta doshi kudu maso yamma, sai ta tarar da manyan duwatsu biyu sun tsare mata hanya, Tibesti ta yamma, inda ƙololuwar Emi Kusi ta kai mita 3,415, babu wadda ta fi ta tsawo a duk Sahara, da kuma Ennedi ta gabas. Tun da ba ta iya haye su, tilas ta kutsa ta tsakaninsu, sai ta ƙara gudu kamar yadda iskar zugazugi ke ƙara ƙarfi in ta matse a siririn bakinsa. Bakin kuwa a kan Bodele yake kallo. A cikin shekarar 2005 wasu masana daga jami'o'in Ingila suka kafa sansani a gefen kwarin suka auna ta, suka tabbatar da cewa da dare takan yi gudunta can sama ba ta taɓa ƙasa, sai rana ta ɗaga ta ɗumama doron ƙasa, iskar ƙasa da ta sama suka cakuɗe, sa'an nan ta sauko da hantsi ta fyaɗi kwarin. In gudunta ya kai kimanin kilomita 36 a sa'a, ƙura ta tashi ke nan.

Ƙasar kwarin kuwa, ita ce inda al'ajabin yake. Fara ce, ɓangori-ɓangori, ba ta da nauyi a hannu, in ka matse ta sai ta marmashe. Wanda ya ɗora ɗan garinta a ƙarƙashin madubin nan na likita mai girmama ƙananan abubuwa ba zai ga ƙasa ba sam. Zai ga dubban 'yan gidaje na gilashi, wasu zagayayyu, wasu dogaye, kowane an yi masa ado da layin ƙananan huji a jere bisa ƙa'ida, babu wanda ya kauce wa ɗan'uwansa, irin aikin da gwanin maƙerin farfaru zai ƙare ransa bai kwaikwayi ɗaya ba. Waɗannan gidajen wata halitta ce ta ruwa, dangin gansakuka, wadda masana ke kira dayatom. Ƙwayar rai guda ce tak, ido ba ya ganinta, tana rayuwa da hasken rana kamar sauran tsirrai, tana kuma tsotso sinadarin yashi da ya narke cikin ruwa ta gina wa kanta ɓawo mai ɓari biyu, ɗaya yana rufe ɗaya. In ta mutu naman ya ruɓe, ɓawon ya nutse ya kwanta a gindin ruwa, na bana bisa na bara, har shekaru dubbai, har ya yi kauri na mita da yawa. Tun da yake kowane ɓawo holoƙo ne mai huji, tarinsu ba shi da nauyi. Shi ya sa iska take samun abin ɗauka. Har tuddan da ke tafiya a cikin kwarin, masu siffar jinjirin wata, da yawansu ba na rairayi ba ne, na ɓarɓashin wannan farar ƙasa ne, kuma suna cikin tuddai mafi saurin tafiya a duniya. Suna tafe ɓarɓashin yana gugar juna yana niƙewa, garin yana tashi sama.

To, ina halittar ruwa ta sami ruwa a wurin da shekara takan zagayo ba a ga ɗigon sama ba?

A shekarar 1870 wani likita Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal ya iso Kukawa da kyaututtuka daga Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno. Da shekara ta kewayo sai ya bi ayarin Larabawan Aulad Sulaiman zuwa Kanem da Borku, hanya ta bi da su ta wannan yanki, ya ga ƙasusuwan kifi a warwatse bisa busasshiyar ƙasa. Waɗanda suka biyo bayansa sun tsinci ƙashin giwan ruwa da ƙwanson dodon koɗi, suka bi diddigin tsohuwar gaɓa har suka zana ta a taswira. Abin da ya bayyana shi ne, kimanin shekara 7,000 da suka shige Tafkin Chadi da kwarin Bodele ruwa ɗaya ne, wani makeken tafki da ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin Nijeriya, wanda ba shi da na biyu a duniyar wancan zamani in ba Tekun Kasfiyan ba. A kan Bodele zurfinsa ya haura mita 150. In ya cika ya batse sai ya tsiyaye ta kudu, ta Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai, ya gamu da Kwara a inda Lakwaja take yau, ya shiga teku. Mu tuna kuma cewa tafkin da kakanninmu suka sani, a 1963 da yake cike, bai wuce murabba'in kilomita 25,000 ba.

Shaidun wannan ruwa ba su yi mana nisa ba. Akwai wani dogon tudun yashi da ya ratsa Bama da Maiduguri ya nufi arewa maso yamma. Wannan tudu gaɓar tafkin ce, igiyar ruwa ce ta tara shi, wanda ya tsaya a kansa a wancan zamani ya dubi gabas ba zai ga ƙarshen ruwa ba. A 1987 kuma wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin gaba biyu da 'yan kai. Da masana na Jami'ar Maiduguri da na Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, sassaƙar gwani, mai shekara kimanin 8,000, wanda ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya girme shi ba a Afirka. A Dabus, can ƙasar Azbin, akwai raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, a wurin da yau raƙumin dawa ba zai kwana biyu da rai ba. Mafi ban tausayi kuwa su ne 'yan kadojin da suka rage a wani tafkin dutse da ake kira Arshe a cikin Ennedi, jikokin waɗanda ruwa ya janye ya bari, hamada ta kewaye su ta kowace fuska, suna nan har zamaninmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Dalilin bushewar, malaman falaki ne suka warware shi. Ƙasa tana juyawa ne a karkace, kuma wannan karkata tana yin wani layi a hankali wanda ba ya cika zagaye sai bayan shekara dubu ashirin da 'yan kai. A cikin wannan zagaye akwai zamanin da bazarar arewacin duniya takan dace da lokacin da ƙasa ta fi kusantar rana, sai Sahara ta ƙara zafi, zafin ya jawo iskar damina daga teku ta shige arewa da nisa fiye da inda take tsayawa yanzu. Haka abin yake kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Da falaki ya juya, damina ta ja da baya. Wajen shekara 5,000 da suka shige ciyawa ta ƙare, koguna suka ƙafe, tafkin ya rabu biyu, kwarin Bodele ya zauna yana shan abin da ya tsiyayo masa daga Chadi ta Baharul Gazal, har shi ma ya yanke kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Ashe ke nan hazon da muka sani a yau, bisa wannan lissafi, bai girmi sarautar Kano da wani abin kirki ba.

Wuri na farko da wannan ƙura take sauka shi ne kanmu. Manoma sun daɗe suna cewa shekarar da aka yi hazo sosai gona takan yi albarka, 'yan boko kuma sun daɗe suna yi musu murmushi. Amma da masu nazarin ƙasa suka girka kwanoni a Kano da wasu wurare suka tara ƙurar suka auna, sai suka iske tana ɗauke da sinadaran da shuka ke ci, waɗanda noman shekara da shekaru ke ƙwaƙule wa gona, har ma suka gane cewa laushin ƙasar Kano da Zariya da Funtuwa wani kasonsa iska ce ta kawo shi a zamunna masu tsawo. Ba ina nufin hazo zai maye gurbin taki ba, kada wani ya ajiye mangalarsa; ƙari ne kaɗan-kaɗan wanda ba a biya, ba a kuma gode. Sai dai duk abin da ke da amfani yana da ɗacinsa. Busasshiyar iska mai ƙura takan tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar sanƙarau ƙofa ta shiga jini, shi ya sa annobar take tashi a tsakiyar rani ta kwanta da ruwan farko. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa.

Abin da bai sauka a kanmu ba yakan wuce, ya haye kurmi, ya fita teku. A watan Janairu na 1832 wani jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle yana kusa da tsibiran Kef Bad, yamma da Senegal, sai wani saurayi mai nazarin halittu da ke cikinsa, Charles Darwin, ya ga sama ta yi duhu-duhu, wata lallausar ƙura tana kwantawa a jikin jirgin alhali gaɓar Afirka tana can da nisa. Ya tara ta, ya haɗa da wadda wasu matuƙa suka tara, aka aika wa Ehrenberg a Berlin, wanda shi ne shehin ƙananan halittu a zamaninsa. Ehrenberg ya sami iri sittin da 'yan kai a ciki, kusan dukansu na ruwan daɗi ne, ba na gishiri ba, abin da ya ɗaure wa kowa kai. Shi ya karkata ga cewa daga wata nahiya suka fito, Darwin kuwa ya tsaya a kan Afirka, hujjarsa ita ce fuskar da iska ke fitowa da kuma cewa ƙurar ba ta yawaita sai a watannin hunturu. Saurayin ne ya yi daidai, ko da yake a ranar babu ɗayansu da ya san akwai gawar tafki a tsakiyar hamada.

A ƙetaren tekun akwai kurmin Amazon, mafi girma a duniya, wanda galibinsa yake cikin Barazil, ya kuma yi kusan shidan Nijeriya. Wanda ya ga tsawon itatuwansa zai rantse babu ƙasa mai ƙarfi kamar tasa, amma haƙiƙa akasin haka ne: tsohuwar ƙasa ce wadda ruwan sama ya yi shekaru aru-aru yana wankewa, itatuwan suna rayuwa ne bisa ganyayen da suka kaɗe suka ruɓe, saiwa ta tsotse nan da nan kafin ruwa ya tafi da su. Kome iya tattalin nan, kowace shekara sai kogi ya kwashe wani abu ya kai teku, musamman fosfaras, wato sinadarin da manomin gyaɗa yake saye cikin buhun takin supa. Da babu mai mayarwa da kurmin ya rame. A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka, bisa awon da wani tauraro ya yi daga 2007 zuwa 2013, suka bayyana cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin gaɓar Afirka ta yamma kowace shekara, tan miliyan 27.7 daga ciki ke sauka a yankin Amazon, ɗauke da fosfaras kimanin tan 22,000, wanda ya yi kusan daidai da abin da ruwa ke kwashewa. Shekara guda kafin haka wasu masana a Landan sun nuna cewa wani kaso na fosfaras ɗin Bodele ƙashi ne da ɓamɓaron kifi da suka niƙe, irin wanda ya fi saurin narkewa shuka ta sha. Giwan ruwan da ya mutu a Chadi tun kafin a gina dalar Masar, sai ga ƙashinsa ya yi tafiyar kwana goma bisa iska ya zama abincin itace a wata nahiya. Tsarki ya tabbata ga Mai ƙudura.

A nan wajibi ne a faɗi saɓanin malamai, gama labari in ya yi daɗi da yawa masu ba da shi sukan ƙara masa gishiri. A 2006 wani masani mai suna Ilan Koren da abokansa suka ce rabin ƙurar da ke isa Amazon daga Bodele kaɗai take fitowa, jaridun duniya suka ɗauka suka yayata, har ya zama abin da kowa ke faɗa. A 2020 wasu suka sake bin hanyar ƙurar suka ce a'a, mafi yawan ta Bodele tana zuba ne tun a Afirka ta Yamma da bakin teku, ruwan sama yana kakkaɓo ta, wadda ke ƙetarewa kuwa galibinta daga El Juf take, tsakanin Muritaniya da Mali, tun da can ya fi kusa da gaɓa. Akwai kuma masu cewa hayaƙin ƙunar daji na Afirka yana kai fosfaras mai yawa, wanda a dā ba a sa shi cikin lissafi. Babu mai musun cewa Sahara tana ciyar da Amazon. Gardamar a kan rabon kowane kwari ne. Ni dai a ganina magana ta biyu, in ta tabbata, ba ta rage wa Bodele daraja ba, illa dai ta nuna cewa mu ne manyan magadan tafkin, mu da muke tsakanin Barno da Sakkwato da Damagaram, kuma abin kunya ne a ce mutanen wata nahiya sun fi mu sanin nauyin abin da ke zuba a rufin ɗakinmu. Gadon kuma mai ƙarewa ne, domin babu ruwan da ke haifar sabon dayatom a wurin. A wasu sassan kwarin iska ta riga ta cinye farar ƙasar har ta kai ga yashin da ke ƙarƙashi.

Yawan ƙurar ba ɗaya yake ba kowace shekara, kuma abin da ke hukunta shi daminarmu ce. A tsibirin Barbados, can gabashin tekun Karibiyan, wani masani Ba'amurke mai suna Joseph Prospero ya fara tace iskar da ke zuwa daga teku tun 1965, ana auna abin da ya maƙale a jikin mataci, ba a fasa ba shekara da shekaru. A farkon aikin, lokacin da damina take da kyau a ƙasashenmu, ƙurar kaɗan ce. Da aka shiga farin 1973, wanda ya ƙare dabbobin Fulani da Buzaye ya koro mutane kudu, sai matacin ya fara yin ja. A farkon shekarun 1980, da fari ya komo ya fi na dā tsanani, abin da ake tarawa ya ninka na farko kusan sau huɗu. Dalilin a fili yake: in ruwa ya yi ƙaranci ciyawa ba ta rufe ƙasa, tafkuna da fadamu su bushe su bar laka a buɗe, iska ta sami sababbin wuraren ɗiba ban da Bodele. Awon tauraron NASA ya sake nuna haka, domin shekarar da ta biyo bayan damina mai ƙarfi a Sahel ƙurar da ke ƙetare teku takan ragu, tsakanin 2007 da aka fi samunta da 2011 da ta fi ƙaranci bambancin ya kai kashi 86 cikin ɗari.